Yadda ake kula da batirin sola da inbata domin ya daɗe yana aiki

Tambaya: Ina da batura biyu masu ruwa, kowanne bolt 12 da amfiya-awa 200 (ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa), an haɗa su a jere a kan inbata mai bolt 24, tare da faifan sola biyu na wat 300 kowanne. Da farko suna kai mu asuba da fitilu da fankoki da talabijin da ƙaramin firji, amma yanzu ko shekara ɗaya da rabi ba su cika ba, kafin tsakar dare inbata ta fara kuka. Ina shirin sayen sababbi. Me zan yi domin kada su bi sahun waɗannan?

Amsa: Malam, ina ba ka shawarar ka dakata da sayen sababbin har sai ka gyara abin da ya cinye na farkon, domin idan ka ɗora sababbi a kan wannan tsarin yadda yake, su ma ba za su wuce wannan wa'adin ba. Daga bayanin da ka yi, abin da na fi zargi shi ne baturanka sun shafe watanni ba su taɓa cika ba, ko da kuwa allon kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin da ke zuwa daga faifan sola zuwa batura, yana nuna maka sun cika kowace rana. Ƙarancin caji shi ne babban abin da ke kashe irin waɗannan batura kafin lokacinsu, kuma yawancin sauran ƙa'idojin kulawa a bayansa suke.

Batir mai bolt 12 yana da sel shida a cikinsa, kowanne yana ba da kusan bolt 2, kuma a cikin kowane sel akwai farantan dalma da aka nutsar a cikin ruwan asid na salfurik. Tun shekarar 1859 da Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro wannan nau'in batir, ainihin yadda yake aiki bai sauya ba. Bambancin batirin mota da wanda ake kira dif-saikul, wato irin wanda ake sa wa sola da inbata, a kaurin farantai yake: na mota yana da farantai sirara masu yawa domin ya saki wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, shi kuwa dif-saikul farantansa masu kauri ne domin a riƙa jan wutarsa a hankali na tsawon sa'o'i, a sake cika shi, a maimaita hakan sau ɗaruruwa. Duk lokacin da kake jan wuta, asid ɗin yana shiga farantan ya haɗu da dalma ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet, ruwan da ya rage kuma yana ƙara tsinkewa. Idan aka sa caji, salfet ɗin ya narke ya koma cikin ruwa, farantai su koma yadda suke. Matsalar ita ce salfet ɗin yana da laushi ne kawai lokacin da yake sabo. Idan ya kwana biyu a jikin faranti ba a narkar da shi ba, sai ya daskare ya yi tauri, kamar kwaɓaɓɓen siminti a jikin shebur, wanda ruwa kaɗai ke wankewa idan ɗanye ne, amma idan ya bushe sai da guduma. Duk inda ya daskare a jikin faranti, wannan wurin ya daina karɓar caji, kuma girman batirin ya ragu ke nan da gwargwadon haka. Batirin da ke hawa zuwa kashi 80 cikin 100 kullum sannan rana ta faɗi, yana ajiye kashi 20 na salfet ɗin da ba a taɓa narkarwa, kuma wannan kason ne ke fara taurarewa, sannan ya riƙa faɗaɗa mako bayan mako.

Yanzu mu yi lissafin tsarinka. Batura biyu a jere suna ba da bolt 24 da amfiya-awa 200, wato wat-awa 4,800 (24 sau 200) idan an tatse su kaf. Mu ƙaddara kayan da kake kunnawa da dare suna jan wat 300 a tsakaice na tsawon sa'o'i 8, wato wat-awa 2,400. Inbata kanta tana ɓarar da wani kaso wajen sauya wutar, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin 100, saboda haka abin da ya fita daga batura ya kai kusan wat-awa 2,750, wato kimanin amfiya-awa 115. Ka ga tun a daren farko ka wuce rabin abin da ke ciki. Batirin dalma kuma ba ya cika da daidai abin da aka cire masa, sai an mayar masa da ƙarin kashi 10 zuwa 15 a kai, kuma a kan boltin caji wanda ya fi na aiki yawa, don haka kana bukatar wat-awa 3,400 ko fiye kafin su koma yadda suke. Faifan sola na wat 600 kuwa, idan aka samu sa'o'i 5 na rana mai ƙarfi kuma aka cire asarar zafi da ƙura da wayoyi, da wuya su ba ka fiye da wat-awa 2,300 a yini, kuma daga cikin wannan ne firji da fankokin rana suke cin nasu kafin ragowar ya isa ga batura. Kullum kana cire fiye da abin da kake mayarwa. Tsarin bai tsaya cak tun makon farko ba ne kawai saboda inbata tana yanke wuta idan batura suka yi ƙasa sosai, sai su yi ta kai-komo tsakanin kusan fanko da ɗan sama da rabi, kuma wannan shi ne mafi munin zaman da batirin dalma zai yi.

Za ka ce ai kwantirola tana nuna maka sun cika. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, don haka bari in ɗan tsawaita. Caji na gari mataki uku ne. A mataki na farko, caja tana ɗura duk amfiyar da take iya bayarwa, bolt yana hawa sannu a hankali har ya kai iyakar da aka saita, kuma a lokacin da ya kai wannan iyakar batirin yana wajen kashi 80 ne kawai. A mataki na biyu, caja tana riƙe bolt ɗin a wannan iyaka ba tare da ya ƙaru ba, batirin kuma yana ci gaba da shan wuta, amfiyar tana raguwa da kanta yayin da yake ƙoshi. Wannan matakin yana ɗaukar sa'o'i 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, kuma ba a iya gaggauta shi ko da an ninka faifan sola, domin batirin ne ke ƙayyade abin da zai karɓa. A mataki na uku ne ake sauke bolt zuwa wanda zai riƙe batirin a cike ba tare da ya ƙona ruwansa ba. Ƙananan kwantirololi da inbatoci da yawa suna auna cika ne da bolt kaɗai, sai su nuna sanduna cike ko su rubuta 100 da zarar an kai ƙarshen mataki na farko. Alamar da za ka dogara da ita ita ce amfiya: idan bolt yana tsaye a iyakar mataki na biyu kuma amfiyar da ke shiga batir mai amfiya-awa 200 ta sauka zuwa wajen 2 zuwa 4 ta daina raguwa, to a nan ne ya cika. Batirin da ya tsufa ko ya tara salfet yana hawa bolt cikin sauri ƙwarai, ya nuna ya cika cikin awa ɗaya, sannan ya zube da an ɗora masa kaya. Saurin cika a wurin tsohon batir alamar ƙanƙancewa ce.

Game da lambobin da za ka saita, abin da kamfanin da ya ƙera batirin ya rubuta shi ne gaba da komai, amma ga abin da aka saba gani a kan kowane batir mai bolt 12, kai kuma sai ka ninka su biyu tunda tsarinka na bolt 24 ne. Mai ruwa yana son bolt 14.4 zuwa 14.8 a mataki na biyu, AGM, wato rufaffen batir da asid ɗinsa ke jiƙe a cikin audugar gilashi, kusan 14.4 zuwa 14.7, mai jel kuwa, wato rufaffen da aka mayar da asid ɗinsa mai kauri, ƙasa da haka, wajen 14.1 zuwa 14.4, domin bolt mai yawa yana haifar da kumfar iska a cikin jel ɗin wadda ba ta gyaruwa. Matakin riƙo, wato na uku, yana tsakanin 13.2 da 13.8. Waɗannan lambobin an tsara su ne a kan zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos. Idan batirin ya fi haka zafi, ana rage kusan bolt 0.02 zuwa 0.03 a kan kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, idan kuma ya fi sanyi a ƙara gwargwadon haka. Kwantirola mai kyau tana zuwa da ɗan ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin batir domin ta yi wannan gyaran da kanta, kuma sau da yawa za ka tarar da shi a cikin kwali ba a taɓa saka shi ba. Ka duba kuma ko an zaɓi nau'in batirin da ya dace a cikin saitin, domin kwantirolar da aka bari a kan saitin jel ba za ta taɓa cika batir mai ruwa yadda ya kamata ba.

Gyaran tsarinka hanya biyu ne, kuma ina ganin sai ka haɗa su. Ka ƙara faifan sola har abin da ke isa ga batura a tsakiyar rana ya kai amfiya 20 zuwa 26, wato kashi 10 zuwa 13 cikin 100 na girmansu, bayan an cire abin da kayan gida ke ci, kuma a irin nauyin da muka ƙaddara wannan yana nufin aƙalla ninka abin da kake da shi. Sannan ka rage abin da kake ja da dare. Idan akwai wutar layi ko janareta, ka yi amfani da su da sassafe domin su gama mataki na farko mai cin wuta da yawa, ka bar wa rana mataki na biyu mai bukatar lokaci da ƙaramar wuta. Ko yaya hali ya kasance, kada mako ya wuce batura ba su samu cikakken caji ba ko sau ɗaya, ko da hakan na nufin kashe inbata yini guda a bar su su sha rana su kaɗai. A lokacin da hadari ya rufe sama kwanaki a jere, wannan ranar hutun ta fi kowace dabara amfani.

Sai batun zurfin da ake jan batir. Duk da cewa an ƙera shi domin ya jure a ja shi sosai, kowane zagaye, wato a ja wutarsa a sake cika shi, yana ɗan zubar da wani abu daga jikin farantai, kuma gwargwadon zurfin zagayen gwargwadon abin da ya zuba. Jadawalin da kamfanoni ke bugawa yana nuna cewa batirin da ake tsayawa da shi a rabi yana yin zagaye da yawa fiye da wanda ake kaiwa kashi 80, wanda ake tatsewa kaf kuwa shi ne mafi gajeren kwana. Shi ya sa ake ɗaukar rabi a matsayin iyakar yau da kullum, a bar kashi 80 domin ranar lalura. Inbatoci da yawa suna zuwa da saitin yanke wuta a bolt 10.5 a kan kowane batir, wato 21 a tsarinka, alhali wannan lambar tana nufin batirin ya ƙare gaba ɗaya. Inbata kanta take karewa da wannan saitin, batirin kuwa ya riga ya sha wuya. Idan taka tana yarda a sauya, ka ɗaga shi zuwa wajen 23 ko 23.5. Kukan da kake ji da tsakar dare bai kamata ya zama shi ne agogon kashe kaya ba.

Domin sanin inda batir yake da mita, sai an bar shi ya huta na wasu sa'o'i babu caji babu kaya, domin bolt yana yin sama fiye da gaskiya bayan caji, yana kuma yin ƙasa fiye da gaskiya a ƙarƙashin nauyi. A irin wannan hutun, 12.7 na nufin cike yake, 12.4 wajen kashi uku cikin huɗu, 12.1 zuwa 12.2 rabi, ƙasa da 11.9 kuwa ya yi nisa ƙwarai. Ka lura cewa tazarar da ke tsakanin cike da rabi kusan rabin bolt ce kawai, don haka mitar da ba ta nuna lambobi biyu bayan ɗigo ba za ta amfane ka ba. Akwai kuma wani abu da Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897: lambar amfiya-awa da ke jikin batir an auna ta ne a kan jan wuta a hankali, galibi na sa'o'i 20 ko 10, kuma idan aka ja wuta da ƙarfi abin da zai bayar ya ragu. Dutsen guga ko butar lantarki ko injin jan ruwa a kan batura biyu na iya jan amfiya 50 ko fiye a lokaci guda. Irin waɗannan kayan a kunna su da tsakar rana lokacin da sola ke ɗaukar nauyin, ko kuma a raba su da inbata.

Zafi shi ne na biyu bayan ƙarancin caji. Ƙa'idar da masu ƙera batura suka yarda da ita ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kwanan batirin dalma da rabi, domin zafi yana hanzarta cin farantai da ƙafewar ruwa. Batirin da zai yi shekara shida a ɗaki mai sanyi yana iya ƙarewa a uku idan yana zaune a digiri 35. Ka ajiye su a wuri mafi sanyi da iska ke ratsawa, nesa da bangon da rana ke duka da kuma rufin kwano, ka bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin batir da batir, kuma kada ka ɗora inbata a kansu kai tsaye, domin zafinta yana dukansu, tururin asid ɗinsu kuma yana cin cikinta.

Ruwa kuwa, tunda naka masu ruwa ne, aikin wata-wata ne, a lokacin zafi ma duk mako biyu. A ƙarshen kowane caji ruwan yana rabuwa ya zama iskar haidirojin da iskar oksijin su fice ta murfi, asid ɗin kuwa yana nan bai tafi ko'ina ba. Saboda haka ruwa kaɗai ake ƙarawa, ba a ƙara asid, kuma ruwan distil ake nufi, wato wanda aka dafa ya zama tururi sannan aka mayar da shi ruwa. Ruwan famfo da na rijiya da na roba na sha duk suna ɗauke da ma'adinai irin su ƙarfe da kilorin waɗanda ke taruwa a cikin sel su lalata shi a hankali. Ana ƙara ruwa ne bayan batir ya cika da caji, domin ruwan yana kumbura ya hau lokacin caji, kuma wanda ya cika sel tun kafin caji zai tarar asid ya malalo a saman batir, abin da ya malalo kuma ƙarfin sel ɗin ne ya tafi. Sai dai idan ka buɗe murfi ka haska tocila ka ga saman farantai a waje, to ka zuba abin da zai rufe su kawai, ka yi caji, sannan ka ƙarasa zuwa alamar da aka yi, ko ɗan ƙasa da bakin bututun da ke leƙawa cikin sel. Ɓangaren farantin da ya sha iska ya bushe ba ya dawowa daidai. Idan sel ɗaya ya fi 'yan'uwansa shan ruwa nesa ba kusa ba, ko kuma duka suna shan ruwa fiye da kima, to ko dai sel ɗin ya samu matsala ko bolt ɗin caji ya yi yawa.

Wanda ke da batir mai ruwa yana da wata dama da masu rufaffen batir ba su da ita, wato auna nauyin ruwan kowane sel da haidiromita. Bututun gilashi ne mai roba a kai da wani ɗan abu mai iyo a ciki: ka matsa robar, ka zuƙo ruwan sel har abin ya taso ya daina taɓa gefe, ka karanta lambar da ke daidai da saman ruwan idonka yana daidai da shi, sannan ka mayar da ruwan cikin sel ɗin da ka ɗebo. A yawancin batura, cikakken sel yana nuna wajen 1.265 zuwa 1.280, wasu dogayen batura masu farantan bututu kuma ɗan ƙasa da haka. Kada ka auna nan take bayan ƙara ruwa, domin bai gauraya ba tukuna. Ka rubuta lambobin sel goma sha biyun a littafi kowane wata. Ina fifita wannan littafin a kan duk wani allo mai haske, domin shi ne ke nuna maka sel ɗin da ya fara ja da baya watanni kafin ka ji a jikinka.

Idan bambanci tsakanin sel mafi ƙarfi da mafi rauni ya kai 0.030, ko kuma duka sun ƙi kaiwa lambar cika bayan caji mai kyau, lokacin cajin daidaitawa ya yi. Wannan caji ne da ake ɗaga bolt da gangan zuwa wajen 15.5 zuwa 16 a kan kowane batir bayan ya riga ya cika, na tsawon sa'a ɗaya zuwa uku, domin ruwan ya yi ta ɓuɓɓuga. Amfaninsa biyu ne: yana narkar da salfet ɗin da bai gama taurarewa ba, yana kuma gauraya ruwan, domin asid ya fi ruwa nauyi kuma yana kwantawa a ƙasan sel, musamman a dogayen batura, sai ƙasan faranti ya riƙa ciwuwa samansa kuma ya riƙa tara salfet. Ana cire kayan da ke haɗe da batura kai tsaye kafin a fara, a buɗe tagogi, a riƙa auna nauyin ruwan duk awa, a tsaya idan ya daina hawa ko kuma jikin batirin ya yi zafin da ya doshi digiri 50, sannan a duba ruwa bayan an gama. Ba a yi wa batirin jel wannan caji ko kaɗan, AGM ma sai idan kamfaninsa ya ba da izini a rubuce, domin ruwan da ya fice daga rufaffen batir babu hanyar mayar da shi.

Batura biyu da ke jere amfiya ɗaya ke ratsa su, don haka mai raunin cikinsu ne ke ƙayyade ƙarfin duka. Wannan ne dalilin da ya sa ba a haɗa sabo da tsoho, ko masu girma daban, ko na kamfanoni daban, domin mai rauni zai riga cika ya riƙa ƙonewa yayin da ɗayan bai ƙoshi ba, kuma shi zai riga ƙarewa. Haka nan kada a ja wutar bolt 12 daga batir ɗaya a cikin jerin domin kunna fitila ko famfo, kuskuren da ake yawan yi kuma yake raba batura biyu da suka fara daidai cikin 'yan watanni. Lokaci-lokaci ka auna kowane batir shi kaɗai yayin caji. Idan ɗaya yana nuna 15 ɗayan 13.8, jimillarsu ta yi wa kwantirola daidai amma dukansu biyu suna cutuwa, sai a raba su a cika kowanne shi kaɗai da caja mai bolt 12 kafin a sake haɗa su. Kawunan batir su kasance a ɗaure tamau, kebul kuma mai kaurin da ya dace. Kan da ya yi sako-sako yana zafi har ya narkar da dalmar. Farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kai ana wanke shi da bekin soda da aka dama da ruwa, murafe suna rufe don kada ya shiga sel, a goge ya bushe, a ɗaure, sannan a shafa ɗan man basilin a sama. Saman batirin ma a riƙa goge shi, domin ƙura mai damshin asid tana zama hanyar da wuta ke zurarewa tsakanin kawunan biyu.

Idan za ka yi tafiya ko ka ajiye batura, ka cika su tukuna sannan ka cire kebul, domin inbata tana cin wuta ko ba a kunna komai ba. Mai ruwa yana zubar da cajinsa da kansa, kashi 5 ko fiye a wata, kuma ya fi sauri a zafi, saboda haka a sake cika shi duk wata ɗaya ko biyu. Wannan ya shafi saye ma: ka duba ranar ƙira, ka auna kowanne da mita kafin ka karɓa, ka guji wanda ke ƙasa da 12.4, domin sabon batirin da ya daɗe a ajiye ba caji ya fara tara salfet tun kafin ya zo hannunka. Ka ba su cikakken caji kafin daren farko, kuma kada ka yi mamaki idan sai bayan gomman zagaye suka kai cikakken ƙarfinsu.

Za ka ji ana ba da shawarar a zubar da ruwan tsohon batir a zuba sabon asid, ko a zuba masa wasu gishiri da ƙwayoyi. Sabon asid yana ɗaga lambar haidiromita da ta mita na ɗan lokaci, amma salfet ɗin da ya daskare yana nan a jikin farantai, kuma yanzu asid ya yi yawa a sel ɗin yana ƙara cin abin da ya rage. Ban ga dalilin ɓata kuɗi a kan wannan ba.

Wajen duk wannan aikin ka sa tabarau da safar hannu ta roba, ka cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun sifana da tef, domin sifanar da ta faɗa tsakanin kawuna biyu tana iya narkewa nan take. Iskar haidirojin tana kamawa da wuta idan ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, don haka babu sigari babu ashana kusa da batura, kuma a kashe caja kafin a cire ko a ɗaura kebul. Asid ɗin da ya taɓa fata ko ido a wanke shi da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, na ido kuma a garzaya asibiti.

Idan ka yanke shawarar komawa batirin litiyam irin LiFePO4, yawancin abin da na faɗa game da salfet da ruwa da cajin daidaitawa bai shafe shi ba. Ba ya cutuwa da zama a rabin caji, yana jure a ja shi zuwa kashi 80 ko fiye, kuma yana yin zagaye dubbai. Amma yana bukatar caja da inbata masu saitin litiyam, ba a yi masa caji idan sanyi ya kai digiri sifiri, zafi yana rage masa kwana shi ma, kuma ba zai magance ƙarancin faifan sola ba, domin abin da ba a zuba ba da rana ba za a same shi da dare ba.

Su kuwa tsofaffin da ke hannunka, ka gwada su kafin ka yanke musu hukunci. Ka daidaita ruwansu, ka cika kowanne shi kaɗai har amfiya ta daina sauka, ka yi musu cajin daidaitawa sau ɗaya ko biyu, sannan ka ɗora wa kowanne kaya mai jan kusan amfiya 10 ka ga sa'o'i nawa zai ɗauka kafin ya sauka zuwa 10.5, ka mayar da shi caji nan take. Lafiyayyen batir mai amfiya-awa 200 zai doshi sa'o'i 20. Wanda ya yi 14 zuwa 16 yana da sauran amfani idan aka rage masa nauyi. Wanda ya kasa kaiwa 10, ko yake da sel ɗaya da nauyin ruwansa ya ƙi motsawa, ko ya tsaya a wajen bolt 10.5 bayan caji da hutu, wanda ke nuna sel ɗaya ya haɗe a ciki, to ya gama aiki. Irin wannan a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batura domin sake sarrafawa, da ruwansa a ciki da murafensa a rufe, kada a fasa shi ko a zubar da ruwansa a ƙasa, domin dalma guba ce mai illa musamman ga ƙananan yara.